Rigar Ceton Injiniya Imrana Ta Cika a Gulbin Gagare

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, gwargwadon yadda zuciyar injiniya ke iya cika, Imrana Ɗahiru na Kaura Namoda yana sanar da 'yan'uwa da abokan aiki da masu jiran abin dariya rasuwar rigarsa ta ceto. Ta cika ranar Laraba, ashirin da biyu ga Agustan 2001, bayan la'asar, a wata kwana da gulbin Gagare ya yi kafin a kai Shinkafi. Ta rasu tana da shekara biyar ba wata biyu. Sau ɗaya tak ta shiga ruwa a rayuwarta, ranar kuma ta mutu.

Ga wanda bai san marigayiya ba, riga ce marar hannu, mai launin ruwan goro, cike da soso. Aikinta ta riƙe mutum a saman ruwa ko da bai iya iyo ba. Mai makoki bai iya iyo ba. Ya rubuta haka a fili yau domin babu sauran wanda zai ɓoye wa. An ɗauke shi daga gida yana ɗan shekara bakwai aka kai shi makarantar kwana, daga nan Zariya, daga nan ƙasar Holan, inda ya shekara huɗu yana karanta halin ruwa: nauyinsa, gudunsa, da yadda yake cin gaɓa. Ya san lissafin ruwa ciki da waje. Bai taɓa shiga wanda ya wuce gwiwarsa ba. Kawunsa Jaji kuwa shi ne mai fito a mashayar ƙasan gari, shekara arba'in yana ƙetarar da mutane da awakinsu a kan gora, ƙaton duman nan da ake kifa ciki a kai a sha gaban ruwa. A irin wannan dangi ba a buɗe baki a ce ba a iya ruwa ba.

Mai makoki ya haɗu da marigayiya a watan Oktoban 1996, a makon da labari ya iske shi can Holan cewa an yanke sabuwar jiha an raɗa mata suna Zamfara. Ya ƙudura zai koma gida ya yi abu ɗaya: ya bi Gagare a kwalekwale daga Kaura har ƙasan Shinkafi, tafiyar kwana huɗu, yana auna zurfi da gaɓa, domin a san inda gulbin ke cinye gonakin mutane kowace damina da inda za a iya tare shi. Kwana huɗu a kan ruwa ga wanda bai iya iyo ba, ransa na hannun Allah, bayan haka kuma yana hannun rigar da ya zaɓa. Shi ya sa bai yi gaggawar zaɓe ba.

Mai kantin da ya shiga neman riga tsohuwa ce mai gilashi, ba ta da fara'a, abin da ya sa ya yarda da ita ke nan. Ta yi masa tambaya huɗu: nauyinsa nawa, ruwan kwance ne ko mai gudu, kwana nawa zai yi, ya kuma iya iyo? Ya amsa ta ƙarshen da gaskiya, don ya tabbata ba za ta taɓa zuwa Kaura ba. Ta baje masa riguna uku. Ta farko siririya ce kamar ɗamara, sai an ja wata igiya iska ta cika ta. Ya tuna ƙayar bagaruwa da ke bakin Gagare, ya ture ta gefe. Ta biyu gajeriya ce mai kyau, ba ta takura wa hannu wajen tuƙi, amma tsohuwar ta ce wannan taimako take yi wa wanda ya iya, ba ta ceton wanda bai iya ba. Ta uku ita ce marigayiya: mummuna, mai kauri a ƙirji, da ƙaton wuya kamar matashin kai, an yi ta ne don ta juya mutum fuskarsa ta kalli sama ko da ya suma. Tsohuwar ta sa masa ita, ta ɗaure maɗaurai uku, ta kama kafaɗun rigar ta finciko sama da ƙarfi don ta ga ko za ta zame ta rufe masa kunne. Ba ta zame ba. Ta sa shi ya zauna, ya tashi, ya yi kamar yana tuƙi. Sannan ta gindaya masa sharaɗi huɗu: kada ya zauna a kanta, kada ya bar ta a rana, kada a taɓa farke ɗinkinta, kuma kowace shekara ya shiga ruwa da ita ya gwada ko tana nan da ƙarfinta.

Mai makoki ya kiyaye na farko da na biyu. Na uku bai san an karya ba. Na huɗu shi ya karya da kansa, shekara biyar a jere, domin gwaji yana bukatar ruwa, ruwan Kaura kuma yana mashaya, mashaya kuwa ta Kawu Jaji ce.

Marigayiya mai haƙuri ce, ba ta da yawan magana. Waɗanda suka zauna da ita za su tuna muryarta: ƙyas, ƙyas, ƙyas, idan an ɗaure maɗauranta, ƙiiƙ, idan mai ita ya sunkuya, da wani ɗan usur da ke rataye a kafaɗarta, wanda ba ta taɓa ɗaga muryarsa ba sai da dalili. Tana da aljihu ɗaya, ba ta taɓa zubar da abin da aka ba ta ajiya ba. Ba ta taɓa neman a fita da ita ba, ba ta kuma taɓa ƙorafin ƙusar da aka rataye ta ba.

Haƙurin nata ya sha gwaji. Gagare ba ya ɗaukar jirgi sai 'yan makonni a tsakiyar damina. Sauran shekara yashi ne, mata na tona shi suna ɗiban ruwa da ƙoƙo, jakuna na ratsa shi ba su jiƙa kofato ba. Tafiya kuma sai da takardar izini daga ofishin da mai makoki ke aiki. A 1997 takardar ta iso a watan Disamba. A 1998 ta iso a kan kari, sai dai an rubuta a ba shi mota. A 1999 gwamnati ta canja hannu, fayil ɗin ya bi tsohuwar gwamnatin. A 2000 aka ƙaddamar da Shari'a, kowa na da abin da ya fi gulbi muhimmanci a gabansa. Amma kowace shekara, da ruwa ya fara sauka, mai makoki yakan faɗa a gida cewa bana za a yi tafiyar.

Kowace shekara kuma saƙo yakan fito daga ɗakin mahaifiyarsa, Inna Zulai. Shi ne ɗanta na fari, don haka bisa al'ada ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta yi masa magana kai tsaye. Ranar da ya dawo daga Turai bayan shekara huɗu, bango ta kalla ta tambaya ko hanya da kyau. Shi kuma, da yake an koya masa ya rubuta abin da ya gani kawai, ya rubuta a ransa cewa ba ta damu ba, ya wuce wurin. Saƙon ta bakin matarsa Rahama yake zuwa, kalmominsa ba sa canjawa:

"Ki ce ma mutumen ɗakinki shi kawo wagga riga a wanke. Ba a tahiya da dauɗa."

Rigar da ke rataye a ƙusa ba ta da dauɗa, amma ba a jayayya da Inna. Takan yi kwana uku a can ta dawo. Ba ta taɓa dawowa da ƙanshin sabulu ba. Takan dawo da ɗan warin fata da ɗan tauri a ƙirjin hagu. Mai makoki ya duba littattafansa, ya yanke hukuncin cewa zafin ƙasarmu ne ke sa soso ya tsufa da wuri. Wannan ne farkon ciwon ajali, kuma likitan da ke kanta injiniya ne.

Ya kamata a ambaci abin da ya faru a Zurmi a daminar 2000, tunda mutane na ba da labarin ba daidai ba. An tura mai makoki duba rijiyoyi, ya goya Liman Usmanu, limamin unguwarsu, a bayan babur, don shi ma yana da ɗaurin aure a can. Kafin gari akwai wani rafi da ruwansa bai kai gwiwa ba. Mai makoki ya tsaya, ya kwance marigayiya daga bayan babur, ya sa ta, ya ɗaure maɗaurai uku, sannan ya tura babur ya shiga. Wasu mata ɗauke da itace suka wuce shi a cikin ruwan suna gaishe shi da aiki. A ɗaya gaɓar akwai wasu dattawa 'yan kwamitin gari, waɗanda a shekarar suka ɗora wa kansu farautar layu da guraye da karta. Suka ga mutum cikin riga mai kumburi irin ta mafarauta, wadda ake jera layu a cikinta, suka tare shi.

Babbansu ya danna ƙirjin hagu da yatsa ya ce, "Malam, mi anka sa ciki?"

"Soso."

"Soso da ƙwari haka? Wagga ai rigar layu ta."

Mai makoki ya yi musu bayanin nauyin ruwa da nauyin jiki. Suka kawo reza. Ganin reza, sai ya tuna sharaɗi na uku, ya ɗaga yatsa ya rantse da Allah cewa babu komai cikin rigar nan sai soson da Turawa suka sa. Suka juya wajen Liman suka ce ya shaida. Liman Usmanu ya gyara rawaninsa, ya dubi sama kamar mai duban hadari, ya ce, "Abin da ya sani shi yaf faɗi." Aka mayar da reza. Sun ɗan tsaya a kan usur, ko yana cikin kayan kiɗa, daga baya suka daidaita cewa ɗan'uwan na 'yan sanda ne. Marigayiya ta fita daga wannan shari'a da mutuncinta. Mai makoki ya yi wata guda yana yaba wa Liman a kan tsayawa da gaskiya.

A bana takarda ta iso cikin Yuli, an kuma rubuta jirgi. Da labari ya kai ɗakin Inna cewa wannan karon da gaske ne, rigar ta je wanki sau uku cikin mako biyu.

Aka tashi ranar Litinin da hantsi, su biyu: mai makoki da igiyar awonsa da littafinsa, Kawu Jaji da sandar tuƙi. Kawu ya jefa goransa cikin jirgi. Mai makoki ya ce gora zai cinye wuri, kuma zamaninsa ya wuce.

Kawu ya ce, "To Bature, kai ka sa riga taka, ni in sa tawa."

Kwana biyu marigayiya ta yi aikinta ba tare da an neme ta ba. Ta sha zufa, ta sha yayyafi, ta riƙe littafin awo a aljihunta cikin leda. An kwana a tungayen bakin ruwa, inda yara da manya suka zo kallonta, wata tsohuwa ma ta tambaya ko sabuwar rigar 'yan sandan Shari'a ce.

A rana ta uku, bayan la'asar, gulbi ya karya kwana, a ƙarƙashin ruwan kuma akwai kututturen da ambaliya ta kwantar. Jirgi ya hau shi ya kife. Mai makoki ya jira marigayiya ta juya fuskarsa sama kamar yadda aka yi alkawari a Holan. Ta yi iya ƙoƙarinta. Ƙirjin dama ya ɗaga, na hagu ya ƙi. Ta kwantar da shi a gefe kamar mai barcin rana, kunne ɗaya da rabin baki a cikin ruwa. A haka ruwa ya ja su biyun, ya zagaya da su kwanar, ya cusa su cikin kyauro, inda ba mai ganinsu daga gulbi. Ya san saurin ruwan daidai, don da safe ya auna shi. Sanin bai ƙara masa numfashi ko ɗaya ba. Rigar tana shan ruwa tana ƙara nauyi, shi ma haka.

Nan marigayiya ta yi maganarta ta ƙarshe. Hannunsa ya faɗa kan usur, ya kai shi kusurwar bakin da ke waje. Fiiit. Ruwa. Fiiit. Ruwa. Fiiit.

Kawu Jaji ya ratso kyauro a kife kan goransa, tsoho ɗan shekara sittin da biyar, yana tafe kamar mai zuwa kasuwa. Ya cafki wuyan rigar ya ce, "Riƙa gora, Bature, ka bar busa. Na jiya."

A gaɓa, bayan mai makoki ya amayar da rabonsa na Gagare, ya ga lokaci ya yi da zai faɗi abin da ya ɓoye shekara talatin. Ya ce, "Kawu, ban iya ruwa ba."

Kawu yana matse wandonsa ya ce, "Wa ad da bai sani ba? Wanda ya iya ruwa ba shi sawo mai riga tun daga Turai. Uwarka ta riga kowa sani. Ita ta hana in kai ka mashaya kana yaro, wai kada gulbi shi gane ka."

An dawo da gawar zuwa Kaura a mota. Aka shimfiɗa ta a tabarma a zaure, gaban Kawu da Liman Usmanu, mai makoki ya sa reza da hannunsa don a san musabbabi. Ƙirjin dama soso ne lafiyayye. A ƙirjin hagu, daidai inda zuciya take, an yanke soson an cire, an jera layu bakwai cikin jar fata, an mayar da ɗinki da zare mai launin ruwan goro, ɗinkin da ya fi na Turawa kyau. Huɗu sun tsufa, uku sababbi ne. Duk sun sha ruwa sun yi nauyi kamar duwatsu.

Mai makoki ya buɗe ɗaya. Tawada ta zube, amma ana gane hannun. Ya dubi Liman. Liman ya dubi sama, ko da yake zauren rufaffe ne. Da aka tambaye shi hukuncin rantsuwar Zurmi, ya ce wanda ya rantse a kan abin da ya yi imani gaskiya ne babu kaffara a kansa. Ba a tambaye shi hukuncin mai shaida ba, shi ma bai kawo zancen ba. Rahama ta ce ita aikenta kawai aka yi.

Mai makoki ya tafi ƙofar ɗakin Inna ya tsuguna, da jawabi a shirye kan yadda tafin hannu ɗaya na soso ke ɗaga nauyin mutum. Ba ta bari ya fara ba. Ta juya wa ƙofa baya, ta ce da Rahama, "Ki ce mishi soson na nan cikin kwano, ban yas ba." Sannan ta ƙara, "Ki tambaye shi, ya hito ko bai hito ba?" Rahama ba ta tambaya ba, tunda ga shi nan tsugune. Jawabin yana nan, ba a yi amfani da shi ba.

Har yau ba a daidaita kan wanda ya cece shi ba. Inna ta ce layu. Kawu ya ce gora. Mai makoki yana ganin usur ne, amma an fi shi yawa, kuma shi ne aka tsamo, ba shi da bakin magana sosai. Abin da zai iya shaidawa shi ne marigayiya ta mutu a bakin aiki, da rabin ƙirji, ba ta saki abin da aka ba ta ba.

Ta bar usur ɗaya, yana cikin ƙoshin lafiya. Ta bar gutsuren soso bakwai a kwanon Inna. Ta bar littafin awo, wanda ya fito daga aljihunta a bushe, ɗauke da aikin kwana biyu da rabi. Sauran kwana ɗaya da rabi suna jiran damina mai zuwa da wata takardar. Ta kuma bar mai makoki, ɗan shekara talatin da bakwai, wanda yanzu duk Kaura ta san abin da ta riga ta sani. Kawu Jaji ya nemi a ba shi gawar ya yi matashin zama a jirgi, an hana shi, saboda sharaɗi na farko. Inna ta aiko a kawo ta a wanke kafin a binne. Wannan karon an ba ta haƙuri.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi a bakin mashayar ƙasan gari, ƙarƙashin tsamiyar da ake ɗaure jirgi. Ba za a yi mata salla ba, Liman ya ce wasa ya tsaya inda ya kamata. Da an rufe rami, mai makoki zai tuɓe riga ya shiga ruwan da ya rage, iya ƙugu, inda Kawu Jaji zai fara koya masa abin da ya kamata ya koya yana ɗan shekara shida. Masu ta'aziyya su tsaya a gaɓar gabas. Masu dariya su tsaya a ta yamma, an share musu wuri, don an san za su fi yawa. Ba a bukatar abinci, ba a bukatar shawara, kada kuma kowa ya zo da allura.

Layu an mayar wa mai su. Ta jera su a tabarma ta ƙirga, ta samu shida. Ta ɗago ta dubi mai makoki a fuska, karo na farko da zai iya tunawa, sannan ta koma kallon bango. Masu zuwa ranar Asabar za su ga usur rataye a wuyansa, da wani abu kusa da shi. Ba za a amsa tambaya a kai ba.